Tanimu Ya Riga Ni Mutuwa a Fim ɗin Turawa

Tun da muka dawo daga Gana mutanen Kwarbai ba su bar ni na huta ba. A masallaci tambaya, a majalisa tambaya, har mai keke-napep ɗin da ya ɗauko ni daga Ƙofar Doka ran nan sai da ya waiwayo ya ce, "Malam Garba, wai da gaske Turawa sun sa ku a fim?" Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk wanda ya tambaye ni ya riga ya ji labarin daga bakin Tanimu, ni tabbatarwa kawai ake so in yi. To yau zan faɗi nawa daga farko har ƙarshe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ga wanda bai san mu ba, Tanimu ɗan Gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, wato taubashina. Kwano ɗaya muka taso muna ci. "Bawana" nake ce masa, shi ma haka yake ce mini, kuma ga shi mun yi furfura ba a raba gardamar wane ne bawan wani ba. Hatsi yake sayarwa a kasuwar birni. Dogo ne siriri, idanu a zurme, ƙashin wuya a waje, wanda bai san shi ba sai ya ɗauka jinya ya tashi. Alhali mutumin nan cin mutum uku yake yi, kuma ko a kan buhun masara ka ajiye shi sai ya yi barci. Tun da nake da shi ban taɓa ganin abin da ya hana shi waɗannan biyun ba.

Ni kuwa aikin ofis na yi har na yi ritaya, amma ba da shi aka san ni ba. Da wasan kwaikwayo aka san ni, tun ina makaranta. Ni ne Janar Ba-Musu, shugaban wata ƙasa da babu ita, mai kafa doka kafin karin kumallo ya soke ta bayan azahar. Ba dandalin da ban taka ba a garin nan da wannan wasan. A zamanin mulkin soja shi ya jawo aka tsare ni na wani ɗan lokaci, na sha bulala, tabonta yana gadon bayana har gobe. Tanimu ne yake kai mini abinci daga gidan Gwaggo a lokacin. Na rantse rabin naman a hanya yake tsayawa, shi kuma har yau cewa yake masu gadi ne.

Wata ranar Laraba sai ga wayar Bashir, ɗan yayata da yake aikin tafinta a Ankara ta Gana. Ya ce wasu Turawa sun zo za su yi fim a kan wani mugun shugaban soja na Afirka, suna neman dattawa masu Hausa da ɗan Turanci, kuma akwai gurbi ɗaya mai magana. Ya ce, "Kawu, wannan naka ne, ba wanda zai ja da kai." Kafin la'asar na gaya wa majalisa, kafin magariba duk Kwarbai ta ji. Na fito da kakin Janar na kai wa mai wanki da guga, na sake shafa wa lambobin yabon fentin zinare, waɗanda dama marafan kwalba ne. Har addu'a aka yi mini a masallaci.

Tanimu rakiya ya yi. Maiɗakina ce ta kafe a kan ba zan yi doguwar tafiya ni kaɗai da hawan jini ba, shi kuma ya ce dama yana so ya ga yadda masara take a kasuwannin can. Da muka je sallama, Gwaggo, wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta ya fi na kowa, ta laluba ta kama hannuna ta ce ga amanar ɗan'uwana nan, in dawo mata da shi yadda na ɗauke shi. Na yi dariya na ce ai bawa ba ya ɓata, ko an yar da shi sai ya biyo ubangidansa.

Babbar mota muka shiga zuwa Legas. Ni ina ta bitar muryar Janar a raina, Tanimu kuwa tun kafin Kaduna ya kifa kansa a kafaɗata. Ba ya farkawa sai an tsaya wurin cin abinci, kamar hancinsa ne yake gadi. Ya ci sakwara, ya ci gasasshiyar ayaba, ya ci wani abu a ganye da ko sunansa bai tambaya ba, ya dawo ya ci gaba da barci daga inda ya tsaya. Daga Legas muka sami ƙaramar mota zuwa iyakar ƙasar Binin.

A iyakar ne aka buɗe akwatina. Jami'in ya ɗaga rigar sallata, sai ga kakin janar a ninke, ga hula, ga lambobi suna walƙiya, ga sandar girma. Ya dube ni, ya dubi kayan, ya kira na gaba da shi. Nan da nan aka kewaye ni ana tambayar wace runduna nake kuma me zan je yi da kakin soja a ƙasar mutane. Na waiga neman Tanimu ya ba da shaida, sai na hango shi a kan benci baki buɗe. Na yi bayani har na gaji, babbansu ya ce in da gaske ɗan wasa ne ni, in nuna. Sai na kafa hular, na saƙale sandar a hammata, na kumbura ciki, na karanta musu dokar Janar Ba-Musu ta hana atishawa ba da izinin gwamnati ba. Wallahi sai da wani ya riƙe tebur don dariya. Ɗaya ya ƙame ya sara mini, wata mai tallar burodi ta ajiye farantinta ta yi tafi. Ku riƙe wannan, don a duk tafiyar, nan ne kaɗai aka tafa mini, kuma Tanimu bai gani ba.

Binin da Togo ratsa su kawai muka yi. Faransanci ko'ina, burodinsu dogo mai tauri, 'yan acaɓa duk da riga kala ɗaya, mata da manyan kwanduna suna tuƙa babur ba wanda ya kalle su. Teku tana hannun hagu muna tafe. Da Tanimu ya buɗe ido ya gan ta, abin da ya ce kawai shi ne, duk wannan ruwa an bar shi ba noman rani.

A Ankara Bashir ya sauke mu a zango, unguwar Hausawan can, gidan wata Hajiya mai ba da ɗakuna. Hausa suke yi, amma tasu daban, kuma gaisuwarsu gajeriya ce. Mu mun saba sai an tambayi gida da iyali da gajiya da kwanan gajiya, ita kuwa ina cikin tambayar yara ta miƙo mini makulli ta juya. Da safe aka kawo shinkafa da wake dafa-duka, ja-ja-ja da ita, an ɗora taliya da garin rogo da ƙwai da wani baƙin yaji. Da rana kuma wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, a ci da soyayyen kifi. Loma kaɗan na yi cikina ya fara ƙugi, na wuni tsakanin ɗaki da bayan gida. Tanimu ya cinye nasa ya cinye nawa, har Hajiya ta fara kiransa ɗanta.

Daga nan motar kamfanin fim ta kwashe mu zuwa wani ƙauye can arewacin ƙasar, inda za a yi ɗauka. Ƙauye ne mai rufin asiri. Gidajen bulo, kwanon rufi, farantan hasken rana, babura a ƙofar gida, makaranta da sabon fenti. Amma mun tarar ma'aikata suna ta aiki a kansa. Ana sauke farantan, ana tura babura bayan gari, ana shimfiɗa ciyawa a kan kwano, ana shafa wa bulo laka. Na tsaya ina kallo, na tuna yadda mu a birni kowa burinsa ya sami simintin da zai shafe katangar ƙasarsa kafin damina. A wata rumfa kuma mata suna tsoma sababbin riguna a ruwan shayi, su goga su a dutse, su yage aljihu. Mutanen gari da suka ji za a ɗauke su sun fito da kayan sallarsu, aka mayar da su aka raba musu tsummokaran.

Na ja Bashir gefe na ce ya ba ni labarin fim ɗin. Ya ce wata Baturiya ce likita, aurenta ya taɓarɓare a can ƙasarsu, ta taho Afirka aikin agaji. Sai ta tarar shugaban ƙasar yana kashe mutane, abin ya dame ta, ta yi ta kuka, ta yi ta tunani, a ƙarshe ta gane ko ita wace ce ta koma gida. Na ce to shugaban fa? Ya ce yana fitowa jefi-jefi, ya zare ido ya yi dariya. Na ce mutanen da ake kashewa fa, su ba su da labari? Ya ce, "Suna nan, Kawu. Su ne a bayanta."

Janar ɗin ma an riga an ba wani baƙar fata da aka taho da shi daga Ingila, har da malamin da yake koya masa magana irin ta 'yan Afirka. Na ji shi yana bita a bayan mota, na ce a raina ko sojan da ya zane ni bai taɓa gurnani haka ba, shi da murmushi yake dukan ma, yana tambayar ko na ci abinci. Gurbin da ya rage shi ne na tsohon direban likitar, mai biyayya, wanda sojoji suka taɓa azabtarwa, daga baya su harbe shi a shingen hanya ya cika a hannunta. Raina ya ɗan sosu da rasa Janar, amma na ce ba komai, mutuwa ma wasa ne babba, mai kyau ɗaya ta isa a riƙa tuna mutum.

Aka kira mu gwaji a ƙarƙashin wani tanti. Daraktan dattijo ne mai furfura, amma da gajeren wando, kuma yaran da ya isa ya haifa ma sunansa suke kira gatsal, ba malam ba alhaji. Na shiga na gaishe shi da Turancina na ofis. Na mutu masa kala-kala: ta harbi a ƙirji, ta harbi a ciki, mai wasiyya, mai shiru. Ya yi dariya, ya gyaɗa kai, ya ce lalle na iya. Sannan ya karkata kai ya ce matsalar fuskata ce. Wai ta cika, ta yi annuri da yawa, masu kallo a can ba za su yarda wannan mutumin ya taɓa shan wahala ba.

Ni. Ni da na kwana a kan siminti da baya a farfashe.

Ban san lokacin da na tuɓe riga na juya masa baya ba. Ya taso ya duba, ya dafa ƙirjinsa, ya ba ni haƙuri da murya ƙasa-ƙasa, har na ga idonsa ya kawo ruwa. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Sai ya tambaye ni, cikin ladabi ƙwarai, ko zan yarda masu kwalliya su kwaikwayi tabon, don bai taɓa ganin mai kyau irinsa ba.

Yana cikin wannan maganar idonsa ya faɗa kan Tanimu. Bawan Allah ya share faranti biyu na abincin ma'aikata, ya jingina da turken tanti, kai a langaɓe, baki a sake. Darakta ya ɗaga hannu kamar kar kowa ya yi motsi, ya taka a hankali ya tsuguna a gabansa. Ya ce wa Bashir wannan ita ce fuskar da ya ƙetaro teku yana nema, duk wahalar Afirka tana cikinta. Aka tashe shi. Ya miƙe yana goge baki yana tambayar ko an kawo shayi.

Ba zan ɓoye muku ba, hassada ta kama ni, irin wadda take hana abinci wucewa. Daga ranar aka ba Tanimu kujera mai sunansa, da mai riƙe masa lema, da ɗaki mai na'urar sanyi a otal ɗin Turawa. Ni aka haɗa ni da 'yan cika fili a ajin makaranta, kowa da 'yar katifarsa, aka ba ni wata riga mai warin shayi. Tanimu ya aiko in koma ɗakinsa, gadon ya ishe mu, na ce a gaya masa na gode. Ya zo da kansa ya zauna kusa da ni, ya ce, "Bawana, ka koya mini mutuwar nan mana, wallahi ban san ta inda ake farawa ba."

Na ce, "Malam Tanimu, ka tambayi Turawanka."

Ya dube ni. Tun da aka haife mu ban taɓa ce masa Malam ba. Da zagin uwa na yi masa da ya fi masa sauƙi, don wannan ya san yadda zai rama. Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi, daga nan kuma sai gaisuwa irin ta mutanen da suka haɗu a layin banki.

Ranar da ta fi mini ciwo ita ce ta kwalliya. Aka zaunar da mu a benci ɗaya, kowa ba riga, wata Baturiya tana duban bayana tana zanawa a nasa da roba da fenti. Layi bayan layi, har wanda ya gangaro ta haƙarƙari. Da ta gama ta kawo madubai ta nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali bai san sun kai haka yawa ba. Da yamma ina tsaye cikin taro na ga likitar tana shafa tabona a bayan Tanimu tana hawaye, kyamara a kan fuskarta, kowa yana share ido. An ɗauki wahalata an ba wanda ya ci namana, ita kuma an ba ta kukan.

Mutuwar tasa kuwa ba wani abu ya yi ba. Aka ce ya faɗa jikinta ya saki jiki, ya yi abin da ya saba yi a kafaɗata tun daga Kaduna. Darakta ya rungume shi yana cewa bai taɓa ganin gwani irinsa ba.

Saura jana'iza. An haƙa kabari a wata gona, aka ce likitar za ta tsaya a kai ta yi jawabi, mata a baya suna kururuwa suna birgima. Dattawan gari suka ce su a wurinsu mace ba ta zuwa maƙabarta, kuma ba a ihu a kan gawa, addu'a ake yi a watse. Darakta ya saurare su da kyau, ya ce ya fahimta, amma mutanensu ba za su gane baƙin ciki ba in ba su ji ƙara ba. Haka aka yi yadda yake so. Tanimu ya so ya ƙi likkafani, sai da limamin garin ya ce masa wasa ne, Allah yana duban niyya. Aka shafa masa wata hoda mai toka-toka, aka toshe masa kunne da auduga saboda ƙasa, aka naɗe shi aka ɗora a makara. Ana ta gyaran fitilu da kyamara, rana ta take, kun kuma san Tanimu in ya kwanta.

Ana neman mutum biyu masu ƙarfi da za su shiga ramin su karɓi gawa, Bashir ya nuna ni. Ya raɗa mini cewa kar in damu da fuskata, kyamara ba za ta kama mu ba, tana sama a kan likitar. Na ce ai na sani. Na shiga ina ƙunƙuni, wani yana riƙe da doguwar sanda mai na'urar ɗaukar murya a saman kanmu.

Aka ce a fara. Aka miƙo shi, ni ne ta wajen kai. Abin da na fara ji shi ne rashin nauyinsa. Duk cin nan, mutumin ba komai a jikinsa. Na kwantar da shi, hannuna da kansa ya juya shi ta gefen dama ya fuskanci alƙibla, ba wanda ya ce in yi. Na sassauta ƙullin kai yadda na yi wa mahaifina a maƙabartar bayan ganuwa, bakina ya faɗi abin da ake faɗa. Sai likkafanin ya zame, na ga fuskar. Toka-toka, ido a rufe, auduga a kunne, ga ɗan tabon goshinsa na ranar da na ture shi daga kan katangar Gwaggo muna yara. Na taɓa kumatunsa bai motsa ba. Sai na ji muryar Gwaggo tana cewa in dawo mata da shi yadda na ɗauke shi, na kuma tuna tun ranar da na ce masa Malam ban sake ce masa bawana ba.

Ban san daga inda kukan ya fito ba. Ni da na yi shekaru ina koya wa yara yadda ake kukan dandali, wannan ba irinsa ba ne. Wani abu ne mai kama da haƙi, mummuna, ya ƙi tsayawa. Na durƙusa a ramin na riƙe kansa ina yi, likitar tana jawabinta a sama, mata suna tasu kururuwar a baya. Har aka ce a tsaya ban iya tsayawa ba, sai da ɗayan mutumin ya girgiza ni.

Mai ɗaukar murya ya cire abin kunnensa yana ɗaga wa Darakta babban yatsa. Darakta ya leƙo ramin ya ce madalla, ko wane ne wannan ya yi ƙoƙari. Bai ma gane ni ba. Na fito na goge fuska na koma bayan wata bishiya. Tanimu kuwa sai da aka cire audugar aka bubbuga ƙafarsa ya farka, ya ce ramin akwai sanyi mai daɗi. Bai ji komai ba, ni kuma na hana Bashir faɗa.

Kuna tsammani daga nan muka shirya? Ina. Da na ga ya fito ana tafa masa, likitar ta rungume shi an ɗauke su hoto, sai abin ya dawo mini sabo, har da ƙarin haushin na yi asarar hawayena a kan mai barci. Haka muka juyo, Togo, Binin, Legas, shi yana jingina da taga maimakon kafaɗata. A iyaka jami'in nan ya gane ni, ya sara ya ce, "Janar, yaya fim?" Na ce lafiya lau. Kakin ko sau ɗaya bai fito daga akwati ba.

A Kwarbai kun ga abin da ya faru da idonku. Tanimu ya zama Ɗan Fim, an manna hotonsa da Baturiya a rumfar hatsi, mata suna zuwa awo don su gani. Ni kuwa na rage zuwa majalisa, na ce ƙafa ce take damuna. Muka yi watanni a haka. Gwaggo ta tambaye ni me ya haɗa mu, na ce ba komai. Ta ce ba komai ɗin ne ya sa ta daina jin ana zagin juna a zaurenta?

Ran wata Juma'a bayan an sauko, Bashir ya turo tallan fim ɗin ta waya. Aka taru a tsakar gidan Gwaggo, 'ya'ya da jikoki da maƙwabta, aka jingina wayar a jikin turmi. Ni ina can baya a tsaye, wai sauri nake yi. Ga likita a jirgi, ga likita a mota, ga Janar ya zare ido sau ɗaya, ga likita tana gudu, ga mutane a bayanta dishi-dishi. Sai ga hannunta a kan wani baya mai tabo, yara suka ce ga Baba Tanimu. Maiɗakina ta waiwayo ta dube ni. Fuskarsa ta gilma ta bayan kafaɗar likitar, kafin a nuna ta da yatsa ta wuce, amma aka yi ta guɗa kamar an ga wata.

Daga ƙarshe kiɗan ya yi ƙasa. Aka cika allon da fuskar likitar, hawaye ɗaya yana gangarowa, rana tana faɗuwa a bayanta. A ƙarƙashin wannan sai ga wani kuka na namiji, shi kaɗai, mai haƙi. Wata jika da take sakandare ta karanta rubutun da ya fito a ƙasa, ta ce an rubuta wai kukan mutanen gari.

Gwaggo da take zaune a tabarma ba ta ganin komai ta ɗaga kai.

"Wannan Garba ne," in ji ta.

Aka ce a'a Gwaggo, Garba bai fito ba.

"Ni za ku gaya wa? Na goya shi. Garba, wa ya mutu kake wannan kuka?"

Jikar ta mayar da wurin baya, aka sake ji, wannan karon tsakar gidan tsit. Tanimu ya juyo a hankali ya neme ni da ido har ya same ni a bakin zaure. Ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Ashe bawana yana so na."

Na ce, "Tafi can, wasa ne. Ka manta sana'ata ce?"

Ya ce, "To wallahi ka iya." Ya sa hannun riga ya goge ido, sannan ya matsa ya buɗe mini wuri a tabarma, ya turo kwanon dambun da yake gabansa. Na duba, ya riga ya cinye rabi.

To kun ji yadda aka yi. Bashir ya ce in fim ɗin ya fito sunan Tanimu zai hau a ƙarshe, can ƙasa bayan na masu dafa abinci, nawa kuwa babu. Bayana yana ciki, muryata tana ciki, ni ba na ciki, kuma kar wani ya ce mini in yi haƙuri, don har yanzu in na wuce rumfarsa na ga hoton nan sai na ji wani abu ya tokare ni.

Shekaranjiya muna dawowa daga jana'izar wani maƙwabci, Tanimu ya kama hannuna a hanya ya ce in tasa ta zo da gaske, ni yake so in shiga ramin, tunda na riga na san yadda ake kwantar da shi. Na fizge hannuna na ce bai isa ba. Ya riga ni sau ɗaya a gaban Turawa, ya isa haka. Wannan karon ni ne a gaba, shi zai shiga ya karɓe ni, kuma ya tabbata a farke yake.